Kwandastan Ƙofar Kaka

A wani gidan haya mai ɗakuna da yawa a unguwar Agege ta Legas, akwai wani yaro ɗan aji huɗu. Yaron nan akwai tsokana! Ko kaza ce ta gifta, sai ya kwaikwayi tafiyarta.

Kakarsa Rahamatu ta zo daga Funtuwa ta zauna da su, domin tsufa ya fara sa ta mantuwa. Takan ajiye carbi ta rasa inda yake. Takan ci tuwo ta ce ba a ba ta ba. Amma jikanta kam, ba ta taɓa manta shi ba. Da ya dawo daga makaranta sai ta ce, "Oyoyo angona! Ina cefanen?"

Shi kuwa ya ce, "Ni ba na auren mai haƙori biyu."

Sai su yi ta dariya. Wasan kaka da jika ke nan, ba mai shiga tsakani.

To, Kaka ba ta saba da hayaniyar Legas ba. Kullum janareton maƙwabta sai ya hana ta barcin dare. Sai bayan azahar, in gida ya yi shiru, take samu ta ɗan runtsa.

Ran nan Umma ta dawo da ita daga asibiti, ta kira yaron.

"Likita ya ce a bar Kaka ta riƙa samun barci sosai. Ban da tashinta. Ka ji ko?"

"To, Umma."

Ina! Ta kunnen dama ta shiga, ta fita ta hagu. Da Umma ta tafi sayar da zoɓo a bakin titi, sai ya maƙale a ƙofar Kaka kamar kwandastan danfo, motar hayar Legas, ya dinga dukan ƙyaure yana kiran sunan tasha.

"Oshodi! Oshodi! Kaka, sauko, mun iso!"

Kaka ta zabura tana laluben takalmi. Da ta gane shi ne, ta ce, "Ja'iri! Na fasa auren." Ya yi dariya har da riƙe ciki. Gobe ma haka, jibi ma haka. A ganinsa ai wasa ne.

Wata rana ya buga ƙofar kamar kullum. Kaka ta tashi zaune, ta daɗe tana kallonsa.

"Yaro, ɗan gidan wa ne kai?"

"Kai, Kaka! Ni ne fa, angonki."

Ba ta yi dariya ba. Ta ja mayafinta ta matsa jikin bango. "Fita. Ban san ka ba."

Yaron ya juya. Ya fita ya zauna a bayan tankin ruwa, ya yi ta kuka. Da Umma ta dawo, ya gaya mata duk abin da ya daɗe yana yi.

Umma ta ce, "Ba kai ka sa mata ciwon ba. Gigin tsufa ne. Amma ka hana ta ɗan hutun da ya rage mata, kuma ka karya alkawari."

Wallahi da dukansa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Washegari a makaranta Malama Nanret ta gan shi ya yi jugum. Ta tambaye shi, ya ba ta labari.

Ta ce, "Yaushe ake share kasuwa?"

"Sai an tashi, Malama."

"Yawwa. Haka ƙwaƙwalwa take. Sai mutum ya yi barci take share dattinta, ta adana abin da ya koya. Tsoho in bai samu barci ba, ruɗewarsa sai ta ƙaru."

"To in ta yi barci za ta warke?"

"Barci ba ya warkar da ciwon nan. Amma yana taimaka mata ƙwarai."

Tun daga ranar, kwandasta ya koma mai gadi. Yakan ɗauko benci ya zauna a ƙofar Kaka yana aikin gida. Yaran da ke buga ƙwallo ya roƙe su su koma waje. Ya je ya durƙusa wa Mama Caroline, maƙwabciyarsu, ta rage ƙarar rediyo. Kullum kuma yana ajiye lemo ɗaya a aljihu.

Kwanaki suka yi ta wucewa, Kaka tana ce masa "yaron nan". Duk sanda ta faɗa, sai ya ji da ma bai taɓa buga ƙofar nan ba.

Wata la'asar, Kaka ta farka da kanta. Ta leƙo, ta dube shi.

"Wane irin ango ne wannan, ya zauna a waje kamar baƙo? Ina cefanen?"

Ya ciro lemon ya miƙa mata, hawaye na zuba. "Ga shi, Kaka. Ki yafe mini."

"Lemo ɗaya tal? Allah ya haɗa ni da marowaci!"

Har yanzu akwai ranakun da Kaka takan ruɗe. Amma yaron ya gane cewa barci ba lalaci ba ne, hutun ƙwaƙwalwa ne. Kuma duk wasan da zai hana tsoho hutawa, ya tashi daga wasa.