Ranar da Aka Tare Kuɗin Sujada

"Kashe motar! Kashe ta, don ubanka!"

Itace a gicciye a kan hanya, rana tsaka, dajin Birnin Gwari ya yi tsit. Mutum uku suka fito daga ciyawa, fuskoki a naɗe da rawani. Direba ya taka birki — ƙiiii! Direban nan ni ne, Mu'azu, kuma a shekarun bayan yaƙin basasa duk hanyar Kaduna babu mai tsai da babbar mota a wannan kwana ba ta kife ba sai ni. Amma ba labarina ba ne, na Andrawus ne.

Andrawus mutumin Kazage ne, tsohon soja. Ya dawo daga yaƙi da bindiga a naɗe cikin tabarma da ƙafa ɗaya mai ja, bai ƙara taka coci ba. Shi ya kai wa Mainasara, ogansu a fashi, labarin: wasu Kiristocin ƙasar waje sun aiko da tallafi don a sabunta sujada, a sayi ganguna da littattafan waƙa na Hausa da Gwari, kowace ɗariƙa da rabonta.

"Su wa za su rako kayan?" in ji Mainasara.

"Ma'aji da direba, shi ke nan. Oga, na san mutanena. Ɗan Katolika ba ya shiga mota ɗaya da ɗan Baptis. Babu wanda zai gane ni."

Bai san masu tallafin sun kafa sharaɗi ba: ba ko sisi sai kowace coci ta tura mawaƙanta Kaduna, su koyi sababbin waƙoƙi tare, su dawo tare.

Abdulsalam, na ukunsu, ya yaye tamfol. Ga maza da mata maƙil, Katolika, Baptis, Angalika, gwiwa na gugar gwiwa.

"Kai, Soja! Waɗannan ne mutum biyun naka?"

"Ku sauko! Kowa rubda ciki!"

Dattijo Enoch, ma'aji, ya rungume akwatin ƙarfe. "Ɗana, wannan na Ubangiji ne—"

Tau!

Mainasara ba ya jiran ƙarshen magana. Andrawus ya dubi tsohon a ƙasa, bai ji komai ba. Ya ga irinsa da yawa. Ya bi layin mutanen da ke kwance yana jan ƙafa. Wata mace ta ɗago kai, ta tsura wa ƙafar ido.

"Yaya?"

Ladi ce, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, mai ba da waƙa a Baptis ɗin Kazage.

"Kwanta, baiwar Allah."

"Yaya Andrawus, ko cikin kasuwa na san tafiyarka."

A hankali ta faɗa, amma Mainasara na bayansa. Ya yi 'yar dariya.

"Ashe da dangi aka zo. Soja, ka san dokar. Wanda ya san suna ba ya komawa gida. Kai za ka aika ta, ko ni?"

"Ƙanwata ce, oga."

"Shi ya sa na ba ka zaɓi."

Can cikin gari kuwa, wani mai keke da ya hango itacen ya juya ya kai wa 'yan sanda labari. Saje Abarshi ya loda mutanensa a Landiroba. "In sun yi harbi ku yi! Kada wanda ya tsaya tambayata!"

Andrawus ya ɗaga bindiga. Ladi ba ta rufe ido ba. Ya juya bakin bindigar kamar mai juya fartanya a kunya —

Tau! Tau!

Mainasara ya zauna, sannan ya kwanta. Abdulsalam ya suri akwatin, ya faɗa daji!

"Gudu, Yaya! Gudu mana!"

"Zuwa ina?"

Ya warware rawanin, ya ajiye bindigar, ya zauna a kan itacen. Ya ce in ba shi taba. Na ba shi, na ƙyasta masa ashana. Haka Saje Abarshi ya same shi. Abdulsalam a bakin rafi 'yan sanda suka cim masa. Akwatin ya yi masa nauyi, ya ƙi yarwa, suka harbe shi a nan.

A kotu alƙali ya tambayi Ladi, "Kin san wannan?"

"Yayana ne."

"Yana cikin waɗanda suka tare ku?"

"Shi ya hana a kashe ni."

"Ba haka na tambaye ki ba."

Ta dubi Andrawus. Ya gyaɗa mata kai.

"Yana ciki."

A fili aka ɗaure shi a turke za a harbe shi, gaban jama'a. Fada na Katolika da Fasto na Baptis suka zo tare, aka ce ya zaɓi mai yi masa addu'a. Ya ce duk wanda ya fi kusa.

Enoch, Mainasara, Abdulsalam, Andrawus: rai huɗu. Kuɗin kuwa sun dawo daidai. Ni na ɗauko gangunan daga Kaduna, ko ɗaya bai fashe ba. Lahadin da coci-cocin suka haɗu, Ladi ta tsaya gaba ta ba da waƙa tun daga fari har ƙarshe, murya ba gargada, ido a bushe. Ta koma gida ta tuƙa wa uwarsu tuwo. Tsohuwar ta ci, ba ta ce mata komai ba. Har ta mutu ba ta ce mata komai ba.