Sanƙira da Ɗan Farin Inna Delu

Tun hantsi na'urar da ake kira Sanƙira take haɗiye tsofaffin bidiyoyin mutanen Sabuwar Funtuwa, na biki da na suna da na Sallah, waɗanda aka kwaso daga matattun wayoyin kakanni. Duk wanda ta kalla sai ta raɗa masa suna, ta rubuta masa a goshi inda aka ɗauke shi, da mutanen da ke ciki, da yadda suke da juna. Sannan ta zaɓi hoto guda ta manna masa ya zama bango. Dangantaka kuwa da kunne na'urar take gane ta: wanda aka ce wa Baba uba ne, matar da ke ƙwala wa yaro kira da sunansa tana faɗa, uwa ce.

Aikin Malam Tanimu a Taskar Jiya, ma'ajiyar tarihin garin, shi ne ya zauna gefenta yana duba kuskure. Da yake kuskuren bai cika zuwa ba, ƙasan kofin shayinsa ya fi dubawa, har tumbinsa ya fara riga shi shiga ofis.

Ran nan sai layi ya zo kan bidiyoyin gidansu. Ya gyara tabarau, ya karanta goshin na farko: "Ranar Sallah. Inna Delu da 'ya'yanta, Habu da Talatu, tare da wani yaron maƙwabta." Yaron maƙwabtan nan mai manyan kunnuwa shi ne.

"Ke Sanƙira, wa kika mayar ɗan maƙwabta? Ni ne fa ɗan farinta!"

"Malam Tanimu, na saurari bidiyoyin gidan kakaf," in ji na'urar cikin ladabi. "Ba ta taɓa kiran sunanka ba. In ka shigo takan kau da kai. Ko abinci, Talatu take ba ta miƙa maka."

Ba ƙarya ta yi ba. Inna Delu mutuniyar zamanin da ce, irin masu alkunyar ɗan fari, waɗanda ba sa kama sunansa, ba sa yi masa wasa a gaban mutane. Yaran da suka ƙera Sanƙira kuwa sun taso ne iyayensu mata na rungume su a bainar jama'a, don haka ba wanda ya koya mata wannan. Ga dokar Taska: ba a gyara goshin bidiyo sai da hujja daga cikin bidiyon, kuma abin da aka rufe da shi, shi jikoki za su karanta har abada.

Tanimu ya san al'ada sarai, ya ma sha yi wa baƙi bayaninta da taƙama. Amma yanzu da ya nemi hujja ɗaya tak, sai ya rasa ta. Shi kansa, da furfurarsa, bai taɓa tabbatar da cewa tana son sa ba.

Injiniya Hasiya, mai kula da ƙwaƙwalwar na'urar, ta leƙo tana dariya. "Baba Tanimu, ko dai tsinto ka aka yi a tasha?"

"Yi dariyarki, 'yar nan. Ke auta ce, ba ki san komai ba."

Ta dubi fuskarsa, dariyar ta tsaya. Ta ja kujera. "Bari mu toshe mata kunne, mu ce ta bi ido. Akwai mabiyin-kallo a cikinta, muna amfani da shi wajen zaɓen bango."

Mabiyin-kallo yana auna inda ƙwayar idon kowa ta dosa, ko da ƙiftawa ɗaya ce. Sanƙira ta koma farko, sannan allon ya kawo hoto. Kowa ya fuskanci mai ɗauka yana washe baki. Yaro mai kunnuwa ya ba da baya, yana kokawa da sabon takalmi. Can bakin madafa Inna Delu na tsaye da ludayi, miya na ɗiga a zanenta ba ta sani ba, idonta na kan ƙeyarsa.

"Na gyara," in ji Sanƙira. "Duk sanda ka juya baya, kai take kallo. Ko Talatu ba ta samun rabin haka."

Tanimu ya cire tabarau, ya ce shayin ne ya yi zafi.

"Garin nan kaf za mu sake bi!" Hasiya ta miƙe tana tafa hannu. "Duk ɗan fari zai ga uwarsa. Daga yau ba abin da zuciya za ta sake ɓoye mana."

Da la'asar Tanimu ya hau jirgin unguwa da ke bi ta saman rufin gidaje, ya sauka gidan Talatu, inda Inna take zaune yanzu. Ya durƙusa da ƙyar, ya gaishe ta, ya ajiye allon da ya zo da shi a kan tabarma. Ta daɗe tana kallon hoton.

"Wannan na'urar taku ba ta da kunya," ta ce, tana duban garu. "Kai kuma da girmanka ka biye mata. Akuya ce a bayanka take neman kifar da tukunya, ita nake kallo."

"To, Inna."

Ya miƙa hannu zai ɗauki allon, ta dafe shi da tafinta.

"Talatu, ce wa wancan ya bar shi nan. Ki zuba masa tuwo, ki sa masa man shanu da yawa."

Washegari, da yake shi mai duba kuskure ne, ya sa Sanƙira ta sake bin bidiyon daga farko har ƙarshe. Babu akuya a ciki.