Takardar da Ta Zo daga Erie

Ranar Lahadi ce bayan an taso daga coci, ɗakin girkin Misis Pavlik ya cika da ƙamshin soyayyar albasa. Saura wata biyu bikin ɗanta Dennis, don haka ta tasa amaryar, Marcy Hudak, a gaba tana koya mata naɗe nama a ganyen kabeji kamar yadda ake yi a gidansu tun kaka da kakanni.

"A'a, ba haka ba! Lanƙwasa bakin ganyen ciki za ki yi. Ke kam hannunki bai gaji girki ba." Ta yi 'yar dariya tana goge hannu. "Ko da yake wa ya san abin da kika gada?"

"Mama!" Dennis ya faɗa daga bakin ƙofa, cokali a hannunsa.

"Me na ce? Ƙarya na yi? Mu Pavlik, kowa a Johnstown ya san kabarin kakanninmu. Ni jikokina nake tunani. In likita ya tambayi ciwon da ke dangin uwarsu, a ce masa me? Oho?"

Marcy ta sunkuyar da kai. Shekararta ashirin da takwas, nas ce a asibitin haƙori, amma maganar nan kullum sai ta mayar da ita ƙaramar yarinya. Tana da sati shida a duniya Paul da Lorraine Hudak suka karɓo ta daga hannun sistocin coci, suka riƙe ta riƙon da ko 'yar cikinsu sai haka. Ba su taɓa ɓoye mata ba. Wanda ya ɓoye mata gwamnati ce. Takardar haihuwar da ke hannunta ta ce Lorraine ce ta haife ta. Ta gaskiyar kuwa, mai sunan matar da ta yi naƙudarta, tana kulle a ofishin jiha, kuma dokar wancan lokacin ta ce sai alƙali ya ga dama.

Sau biyu tana zuwa kotu. Sau biyu ana ce mata son sani ba hujja ba ce. Abin da ya fi tsaya mata a wuya shi ne wata 'yar akawu da ba ta kai ta shekaru ba. Ta buɗe fayil ɗin a gabanta, ta karanta, ta ɗago ta ƙare wa fuskarta kallo, sannan ta rufe ta ɗora gwiwar hannu a kai. Kai jama'a! Baƙuwa ta san sunan uwarka, kai an ce ba ka isa ba!

A mota Dennis ya kama hannunta. "Sori, masoyiyata. Kin san Mama, bakinta ba shi da burki."

"Naka fa? Naka burkin ya yi yawa."

"Ni ke nake so, ko daga cikin kabewa aka ciro ki."

Ta harare shi, dariya ta ƙwace mata. Haka yake saye ta kullum.

To, auren coci ba ya ɗauruwa sai kowa ya kawo sabuwar takardar baftisma, wadda aka kwafo daga littafin cocin da aka yi masa. Da Marcy ta tambayi Lorraine, sai ta dafe ƙirji.

"Yarinyata, ai ba mu muka yi miki ba. Da baftismarki muka same ki. 'Yar wasiƙa kawai sistocin suka ba mu, ba sunan coci ba na gari, da ita muka yi ta lallaɓawa. Wayyo, kar dai wannan ya hana auren!"

Fada Brennan, limamin cocinsu, ya ce kar a damu, shi zai rubuta wa hukumar da ta ba da ita, su kuma su sa cocin ya aiko. Aka yi sati huɗu shiru. Duk ranar da Marcy ta yi zancen, sai Dennis ya ce aikin coci ai sai a hankali, ya kawo hirar kek ko ta masu kiɗa.

Wata Alhamis da yamma suka je wurin Fada karatun shirin aure. Ya jawo fayil ɗinsu yana bin jerin abubuwan da alƙalami.

"Ta Dennis ta zo. Taki ma ta zo tun sati uku. Ashe 'yar garin Erie ce ke? Shi ya sa sanyi ba ya damunki."

Marcy ta ji kamar an zare kujerar da take kai. "Erie? Fada, ba ni in gani."

Ya juya takardun, ya sake juyawa. Babu. Sai wani ɗan guntun rubutu, "ta iso, Erie," da hannun Misis Pavlik, domin ita ce ke taya ofishin cocin buɗe wasiƙu ranar Talata da Alhamis. Marcy ta juya ta dubi Dennis. Kunnuwansa sun yi jajir, idonsa a kan takalminsa.

Suna fitowa filin ajiye motoci, ta tsaya ta fuskance shi.

"Ka sani."

"Marcy, tsaya ki ji—"

"Me ke cikinta?"

"Tsohuwar sakatariyar can da hannu ta kwafo. Ta tsallake sunan mahaifiyar, amma ta rubuta sunan uwar baftisma, matar da ta riƙe ki a gaban Fada ranar. Mama ta ce ai ba a rubutawa, kuskure ne. Ta ce mu bari sai bayan biki."

"Ka karanta sunan?"

Ya gyaɗa kai.

"Sati uku! Sati uku kana cin abinci da ni, kana tambayata wane kek nake so, sunan yana cikin kanka!"

"Na rantse mata ba zan faɗa ba..."

Ta shige mota ta ja, ya bi ta a guje a tasa. Misis Pavlik na baranda tana ba furanni ruwa suka iso.

"Misis Pavlik, takardata na zo karɓa."

Matar ko gezau. "Takardar coci ce, ba taki ba. Kuma taimakonki na yi, yarinya. Kin san wacece? In mashayiya ce fa? In ta zo ta zauna mana a sahun gaba ranar biki, dangin Pavlik duka suna kallo? Macen da ta yar da jaririya—"

"Ba ki san ta yar ba!"

"To ina take shekara ashirin da takwas?"

Hawaye suka zubo wa Marcy, amma muryarta ba ta karye ba. "Ke kika ce ba ni da asali. Tun ranar da na fara taka gidan nan kike gasa min ita. Yau asalin ya zo a ambulan, kin sa a jaka kin zauna a kai! Alƙali ya hana ni, shi dai an ba shi kujera. Ke wa ya ba ki?"

"Ji rashin kunya! To ki sani, in kika je Erie, kar ki sake hawa barandar nan. Dennis, kana tsaye tana yi min tsawa?"

Marcy ta juya gare shi. Kalma ɗaya take jira. Ya dubi uwarsa, ya dube ta, ya buɗe baki ya rufe. Sai ta zare zoben, ta ajiye a bakin tukunyar furen, ta sauka.

Washegari ta koma wurin Fada. Ya ce zai yi wa Misis Pavlik magana, amma ya gaya mata gaskiya: in aka nemi wata takardar, bisa ƙa'ida za a rubuto ta, ba sunan kowa. Waccan ɗin ita kaɗai ce. Coci-coci kuwa a Erie sun fi a ƙirga da yatsu, kuma ba wanda zai buɗe mata littafi.

Kwana tara Marcy ta yi a ɗakinta na ƙuruciya, a gidan Lorraine. Ta je aiki, ta dawo ta kwanta. Ba ta kira Dennis ba, ba ta zagi kowa ba. Lorraine kuwa ta rasa inda za ta sa ranta. Ta kawo miya, ta mayar, ta kawo shayi. Ran na biyar ta zauna a bakin gadon tana murza gefen rigarta.

"Zan gaya miki abin da ban taɓa faɗa wa ko marigayi babanki ba. Duk sanda kika tafi kotun nan, sai in kulle kaina a banɗaki in yi ta kuka. Tsoro nake ki same ta, ki ga kun yi kama, ni in zama matar da ta yi miki wanki kawai."

"Mama..."

"Bari in gama. Na biyun har addu'a na yi kar alƙalin ya yarda. Allah ya yafe min. Da kika dawo na ga fuskarki, na ce kaicona, Lorraine, wace irin uwa ce ke? Yunwa ce ke cin yarinyar nan, ke kina murna an rufe tukunya."

Marcy ta faɗa jikinta, suka yi kuka mai isarsu.

Ranar Asabar da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Dennis ne, gemu ya tsiro masa, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya miƙo farin ambulan da hannu biyu.

"Na gaya mata ko ta ba ni, ko in je gaban Fada da 'yan kwamitin coci in faɗi abin da muka yi, ni da ita. Ta ce ba ta haife ni ba. Kayana suna gidan abokina." Ya share hanci. "Ban zo roƙon aure ba, Marcy, na san ban isa ba. Na cika tanki da mai. In kina son direba, ga ni. In ba kya son ganin fuskata, ga makulli."

Ta karɓa ta buɗe. Tawada shuɗiya, rubutun tsofaffi mai lanƙwasa: Agnes Rusnak.

Lorraine ta fito da jakar burodi da nama ta tura mata. "Tafi. Ki sa rigar sanyi, iskar tafkin Erie ba ta da kirki. Dennis, in ka yi gudu a mota da 'yata sai na ci mutuncinka! In kin gan ta... ki ce Lorraine ta gode."

Awa uku da rabi suna tafiya, ba ta ce masa komai ba sai "bi dama" da "bi hagu". A wani gidan mai suka buɗe littafin lambobin waya. Rusnak huɗu ne, mai harafin A ɗaya.

Ƙaramin gida ne mai koren fenti. Wata farar-gashi mai tabarau ta buɗe, Agnes ce da kanta. Marcy ta shirya jawabi tun daga Johnstown, amma bai yi amfani ba. Matar ta dube ta, ta kama ƙyauren ƙofa, ta juya ciki ta ƙwala kira:

"Bernie! Bernie, sauko! Theresa ce!"

Ƙanwarta Bernadette ta sauko da kwandon wanki a hannu. Goshin Marcy ne, haɓarta ce, har ɗan gibin haƙorin. Kwandon ya faɗi.

Da suka zauna, Bernadette ta ba da labarin: ita ce ta haifi Marcy. Tana da shekara goma sha bakwai aka kai ta gidan sistoci a ɓoye. Kwana biyar aka bar ta da jaririyar. Ita ta dage sai an yi mata baftisma, don ta samu ta raɗa mata suna Theresa, yayarta Agnes ta riƙe ta.

"Sun ce in na neme ki, na karya doka. Sun ce za ki tsane ni. Da kika cika ashirin da ɗaya na daure na je ofishinsu, suka ce fayil a rufe yake, don a kare sirrina. Sirrina! Wa ya tambaye ni? Ni na ce ina son a kare ni daga 'yata?"

"Ni ma haka suka ce min," Marcy ta faɗa cikin kuka. "Wai ke suke karewa."

Agnes ta leƙa taga tana share tabarau. "Wane ne wancan bawan Allah da ke tsaye jikin mota kamar an kore shi daga makaranta?"

Marcy ta dubi Dennis. Iska na kaɗa shi, ya cusa hannuwa a hammata, bai ko matso kusa da ƙofa ba.

"Mijin da zan aura ne," ta ce. "Ya makara wajen yin hankali, amma ya yi. Ku ce ya shigo."

An ɗaura auren a ranar da aka sa. Lorraine da Bernadette suka zauna benci ɗaya, hankici ɗaya suka yi ta miƙa wa juna. Misis Pavlik ta rantse ba za ta zo ba. Ana gab da farawa sai ga ta ta shigo ta zauna can baya, ita da ta ji tsoron wanda zai zauna a gaba. Bayan an fito, Bernadette da kanta ta je ta miƙa mata hannu ta ce, "Na gode da kika yi wa ɗanki tarbiyya." Sai hawaye suka zubo wa Misis Pavlik.

Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romo, haka ne. Amma iyaye mata, mu ji tsoron Allah. Sunan uwar mutum nasa ne, ba na alƙali ba ne, ba na suruka ba ne, ba ma na wadda ta raine shi ba ne. Duk wanda ya ɓoye maka shi ya ce don kai ya yi, tambaye shi: yaushe ka tambaye ni?