Ruwan Zafin da Yaya Nayef Ya Zubar

Mama ce ta aike mu kasuwar Bab Makka bayan la'asar, ni da yayana Nayef, mu sayo ganyen shayi da kayan yaji. Aiken ke nan. Da mun saya mun juyo gida, da yanzu ba ni da abin faɗa.

Tun da Yaya ya sayi tsohuwar motarsa jib ba shi da zance sai na tafiya. Wai idan an yi hutu zai kwashe mu duka, shi zai tuƙa da kansa, ba ɗan jagora ba kamfani. Mu hau Ɗa'ifa mu ga birai, mu shiga gandun dajin da ake tsare barewa da jimina, daga nan mu yi kudu har duwatsun Asir. Ya manna taswira a bangon falo, ya ja hanya da jan biro. Baba ya ce to, in motar ta yarda.

Kakarmu, Sitti Turai, ta daɗe tana kallon taswirar. Ta ce, "Dabbar daji ba marainiya ba ce. Kowace da mai kiwonta."

Yaya ya yi dariya. "Ya Sitti, gwamnati ce mai kiwonsu yanzu. Har lamba ake sa musu a kunne."

Kullum haka suke. Sitti ba ta zubar da ruwan zafi, ko a kicin ne, sai ta ce, "Bismillah, dastur, ku janye 'ya'yanku." Dastur ɗin neman izini ne. Ta ce akwai masu zama a ƙasa da ba ma gani, kuma ruwan zafi na ƙona su kamar yadda yake ƙona mu. Yaya kan tsaya a bayanta yana kwaikwayon muryarta.

A kasuwa ran nan ya ga dafur, ɗan murhun gas na matafiya, ya saya. Ya haɗa da butar shayi, da gorar laban, wato kindirmo, mai sanyi a kula.

"Yalla, Tahani, mu je mu gwada kayan a rairayi. Mai shirin daji ba ya gwaji a falo."

"Yaya, magariba ta kusa."

"Ke komai tsoro. Ko ƙadangare ya yi tari sai ki ɓuya."

Na shiga motar. Ni dama ko a aji malama ta kira sunana sai muryata ta maƙale.

Muka yi kudu, muka wuce unguwar masana'antu da warin hayaƙinta. Gine-gine suka ƙare. Ya sauka daga kwalta, ya tsaya, ya rage iskar tayoyin duka, wai haka ake yi don kada mota ta nutse a yashi. Ina jin iskar na fita, sssss, kamar maciji. Muka ƙara shiga ciki har titi ya koma ɗan zare a bayanmu.

Ya tsaya kusa da wata 'yar bishiyar ƙaya. Ita kaɗai ce a wurin. A gindinta akwai rami, faɗinsa kamar bakin kwano.

Dafur ya kama. Ruwa ya tafasa. Yaya sai murna yake, yana cewa a Asir ma haka zai dafa wa Baba shayi. Rana ta yi ja. Iska na kawo warin gishirin teku da na gas. Sai wayarsa ta fara kiran sallar magariba.

"Halas, gwaji ya yi. Mu tafi," in ji shi.

Ya ɗauki butar. Rabinta ruwa ne, yana tururi. Ya nufi bishiyar.

"Yaya, ka ce dastur..."

Bai ji ni ba. Ya juye ruwan duka a cikin ramin.

Wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashin ƙasa.

Ya fara kamar kukan ɗan akuya. Ya ƙare kamar na jariri.

Sai wari ya taso. Warin gashi a wuta, irin na babbakar kan rago ranar layya.

Wayar ta yi shiru a tsakiyar kiran salla. Manyan motocin da muke jiyowa daga titi, su ma shiru. Iska ta tsaya cak.

"Shiga mota," Yaya ya ce a hankali.

Muka shiga. Ya murɗa makulli. Inji bai ko yi tari ba. Fitilun gaba ne kawai suka kama.

Idanu.

Barewa ne, sun cika gabanmu har inda haske ya ƙare. Dama da hagu ma su ne. Ba mai motsi, ba mai kaɗa jela. Ba wadda ke da lamba a kunne. Yashin da ke tsakaninmu da su sumul yake, ba sawu ko ɗaya.

Suka buɗe hanya a tsakiya.

Wata tsohuwa ta fito, gajeriya, da baƙin zane da sanda. Tana rungume da wani abu a cikin tsumma. Tsumman na tururi. Ta gefe ɗaya ɗan kofato ya leƙo. Ta ɗaya gefen hannu ne, ƙarami, mai yatsu.

Gilashinmu a rufe yake, amma muryarta kamar a kujerar baya take. Hausa take yi, irin tsohuwar nan ta Sitti.

"Wa ya zuba?"

Yaya ya buɗe baki. Larabci ya fara, ya kakare.

"Kai ne mai son ganin dabbobi," ta ce. "Jikata ka ƙona. Ita ke mini kiwo. Zo ka riƙe sandarta har ta warke."

Ta miƙo sandar.

"Mu ba ma saurin warkewa. Wanda ya riƙe ta kafin kai, da furfura ya ajiye."

Yaya ya buɗe ƙofa.

Na riƙe rigarsa. Ta zame daga hannuna. Ya sauka, takalmansa suka tsaya a cikin mota. Yana tafiya kamar mai barci, hannunsa a miƙe wajen sandar.

Barewa suka fara rufe hanya a bayansa.

Na so in kwanta ƙarƙashin kujera. Amma na tuna Mama tana can tana jiran ganyen shayi, kuma ni ban iya mota ba, ban san me zan ce mata ba in na koma ni kaɗai.

Gwiwata ta taɓa kula. Na tuna ranar da man suya ya fallatsar mini a hannu, Sitti ta zuba mini laban mai sanyi.

Na ɗauki gorar. Na fita.

Numfashinsu na taɓa ƙafafuna, da sanyi. Na bi tsakaninsu ina bismillah a zuci. Da na isa gabanta na durƙusa har ƙasa, yadda muke gaida Sitti ranar salla.

"Sannu, Iya. Dastur. Mun yi laifi."

Muryata kamar ta sauro. Amma ta fita.

"Bai sani ba, Iya. A birni aka haife shi."

"Ke a daji aka haife ki?"

"A'a."

"Wa ya koya miki neman izini?"

"Kakata."

"Turai," in ji ta.

Ban faɗi sunan ba.

Yatsun Yaya saura kaɗan su taɓa sandar. Na buɗe gorar, na miƙa. Na ji idonta a kaina. Ban ɗaga ido ba, ƙafafunta kawai nake gani, kuma ba su taɓa yashi.

Ta ɗage gefen tsumman.

Na zuba laban ɗin ba tare da na duba ba. Ya yi cuuu, kamar ruwa a kan garwashi. Kukan ya ragu. Ya koma ajiyar zuciya. Ya tsaya.

Ta janye sandar.

"Tun Turai na yarinya take neman izini. Ba ta taɓa ƙona mana kowa ba. Albarkacinta. Ɗauki ɗan'uwanki. Kada ku waiwaya. Kuma kada in gan shi a gandun daji."

Na ja hannun Yaya. Sanyi ƙalau, kamar ƙarfe. Sai da na tura shi kan kujera ya ja dogon numfashi. Ya murɗa makulli, inji ya tashi.

Tayoyin ba iska sosai, motar ba ta gudu. Kofatai na bin mu ta gefe biyu, kaf kaf kaf, dab da ƙofata. Na rufe ido. Sai da muka hau kwalta ƙarar ta yanke.

A gidan mai, mutumin da ya ba mu iska ya ce, "Ya akhi, kai ba takalmi kake tuƙi?" Yaya ya ja mota muka wuce. Dafur da buta suna can inda muka bar su.

Mun ce wa Mama cunkoso ne ya riƙe mu.

Da safe ƙafar Yaya ta hagu ta tashi da ƙuna har idon sawu, alhali ko ɗigo bai taɓa shi ba. Sitti ta zo ta duba. Ba ta tambayi komai ba. Ta ce, "An yi maka sauƙi." Sai ta dafa kaina.

Shi da kansa ya cire taswirar daga bango. Ya ce wa Baba injin jib ɗin ba zai iya hawa dutse ba. Yanzu ko ragowar shayi zai zubar, sai na ga leɓensa na motsi.

Shekaranjiya da magariba ina kicin ni kaɗai, zan tace taliya. Na ɗaga tukunya a kan magudanar ruwa, na ce bismillah, dastur, ku janye 'ya'yanku.

Daga can ƙasan bututun wata murya ta ce, "Dakata."

Na tsaya, tururi na dukan fuskata. Na ji ɗan motsi, kamar ana jan tabarma.

"To, zuba, jikar Turai. Na ɗauke ta."