Hawan Wadi Digla Babu Takalmi

A kan wata siririyar hanya mai tsayi a Wadi Digla, bayan unguwar Ma'adi a birnin Alƙahira, Hidaya ta fara ganin Munzir. Ta zo yawo ne da ƙawayenta na jami'a, shi kuma shi ne jagoran tafiyar. A tsakiyar hawan numfashinta ya ƙare, ta dafa dutse tana cewa, "Wayyo ƙafata."

"Sannu, saura kaɗan," ya ce da Hausa mai ɗanɗanon Sudan.

Ta ɗago da mamaki. "Ashe Bahaushe ne kai?"

"Kakannina a ƙafa suka taso daga Haɗeja za su Makka, suka yada zango a Sudan. Ke kuma ɗan tudun nan ya kayar da ke?"

Daga ranar saƙonni suka fara kai-komo.

"Sarauniyar tudu, ƙafar ta huce?"

"Ta huce, Jagorana. Zuciyar ce har yanzu ba ta sauko ba."

Da maganar aurensu ta isa ga mahaifinta, Malam Sanusi, ma'aikacin ofishin jakadancin Najeriya, sai ya girgiza kai.

"Ba ƙin yaron nake ba, Hidaya. Amma aure sai da binciken asali. Yaƙi ya watsa danginsa, wa zan tambaya? Wanda ban san tarbiyyar gidansu ba, ba zan ba shi 'yata ba."

Ba ta yi musu ba. Bayan kwana biyu ta ce, "Abba, likita ya ce ka riƙa motsa jiki. Mu je Wadi Digla. Munzir ne zai kai mu, ban ɓoye maka ba."

A gindin tudun, Munzir ya cire takalminsa, ya durƙusa ya gaishe da mahaifinta. Malam Sanusi ya amsa a taƙaice, ya ce, "Yalla, mu je."

Munzir ya rataya takalmin a wuya. Bai shiga gaba ba, sai ya bi bayan dattijon yana nuna hanya: "Baba, a bi dama. Baba, a dafa nan."

Duwatsun ga kaifi, ga zafin rana. Hidaya ta raɗa masa, "Sa takalminka mana."

"Ba a sa takalmi a gaban suruki, kuma ba a shiga gabansa."

"Ai bai zama surukinka ba tukuna."

"A wajena ya zama."

Da suka kai ƙoli, Malam Sanusi ya juyo yana haki, idonsa ya faɗa kan yatsun ƙafar Munzir da suka fashe da jini.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Kakata, Baba. Haka muka tashi muka gani a gidanmu."

Dattijon ya jinjina kai. "Rabona da ganin haka tun ina yaro. Mu da ke gida mun yar, ku kuka riƙe." Ya dafa kafaɗarsa. "Sa takalminka, ɗana. Ka turo min manyanka, ko mutum ɗaya ya isa."

Hidaya ta kawar da kai don kunya, amma ji take kamar ta sanar da duk Alƙahira cewa Munzir nata ne.

Bayan Sallah aka ɗaura aure a unguwar Hay el-Sabi', kawun Munzir, Fadl, ya zo daga unguwar Ard al-Liwa ya karɓa masa. Da za a tafi da amarya, Malam Sanusi ya riƙe hannunta.

"Gidan mutunci za ki, Hidaya. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."