Shekarar Rauda da Mai Kiɗa

Ranar Asabar ta farko a watan Janairu Rauda ta fara ganin Nuruddeen, a wani ajin firamare da ke unguwar Jekadafari a Gombe, inda ƙungiyar masu karatu ke haɗuwa bayan la'asar. Ta makara, domin keken da ta hau daga Nasarawo ya tsaya shan mai. Da ta shiga, benci ɗaya ne ya rage da wuri, kuma akwai wani dogon saurayi a kai, da abin sauraron kiɗa rataye a wuyansa. Ya matsa mata ba tare da ya ɗago ba.

Madam Hilda, malamar Turanci 'yar Kaltungo, ita ta kafa ƙungiyar. Ƙa'idarta ba ta da yawa: kowa ya karanta littafi ɗaya a wata, wanda kuma ya yi rubutu ya karanta wa jama'a. A ranar Rauda ta karanta shafi biyu a kan bishiyar darbejiyar da ke ƙofar gidansu na dā, a wani ƙauye kusa da Bama, gidan da suka baro tana 'yar shekara tara.

Da aka tashi, saurayin ya biyo ta bakin titi.

"Malama, rubutunki yana da kiɗa a ciki."

"Ban sa masa kiɗa ba."

"Shi ya sa na ce a ciki yake."

Ta dube shi sau ɗaya, ta tare keke ta tafi.

Daga baya ta ji labarinsa. Iyayensa mutanen Katsina ne, an haife shi a Jekadafari. Yana da ƙaramin sitidiyo a bayan shagon ɗinkin yayansa, inda yake haɗa waƙoƙin biki da tallan rediyo. Madam Hilda ce ta janyo shi ƙungiyar, bayan ta gaya masa a gaban mutane cewa kiɗansa yana da daɗi, amma baitocinsa ba su da komai a ciki.

Littafin Fabrairu bai gama shi ba. Na Maris ya gama, domin Rauda ta ce ba za ta amsa saƙon wanda bai kai babi na biyar ba.

"Na kai babi na shida, Marubuciya. Yanzu ina da izinin tambayar ko kin ci abinci?"

"Me ya faru a babi na shida?"

"Matar ta bar gidan. Ban ji daɗi ba."

"To na ci. Kai fa, Mai Kiɗa?"

Haka abin ya tafi. Ita tana ba shi aron littattafai, yana dawo da su da lanƙwasassun shafuka, tana yi masa faɗa. Shi kuma yana turo mata tsofaffin waƙoƙin garaya da na goge, yana ce mata ta saurari inda makaɗin ya yi shiru, don a nan gwanintar take. Kafin damina ta sauka, ya daina kiranta Marubuciya, ya koma Raudata. Ba ta hana shi ba.

Mahaifinta, Malam Wakil, yana sayar da huluna a babbar kasuwa. Mutum ne marar yawan magana tun da matarsa ta rasu a hanyar gudun hijira. Da Rauda ta gaya masa akwai mai son zuwa gaishe shi, sai ya tambayi sana'arsa.

"Yana haɗa waƙoƙi, Baba."

"Wannan na ji. Sana'arsa nake tambaya."

Bayan mako biyu sai wani saurayi, Uzairu, ya fara zuwa gidan zance. Ɗan abokin kasuwancin Malam Wakil ne, yana sayen wake a Kwadon yana kaiwa kudu. Mutum ne mai ladabi, ba ya wuce lokacin da aka ɗibar masa. Rauda ba ta sami abin da za ta ƙi a tare da shi ba, ba ta kuma sami abin da za ta ce masa ba.

A watan Yuli ta rubuta abin da ba ta taɓa rubutawa ba: ranar da mahaifiyarta ta kasa ci gaba da tafiya, da waƙar renon da ta yi mata da Kanuri a ƙarƙashin wata ƙaya. Ba ta karanta shi a ƙungiya ba. Nuruddeen kaɗai ta tura wa.

Ya karanta. Daga nan ya shiga sitidiyo ya mayar da rubutun waƙa, da sunan marigayiyar a cikin amshi. Waƙar ta yi kyau fiye da duk abin da ya taɓa yi, kuma ya san haka. Sai ya ɗora guntunta a sitatus na wayarsa, yana ganin Rauda za ta yi murna.

Cikin kwana kaɗan waƙar ta zaga gari. Rauda ta ji ta ne a cikin keke, tana hanyar makarantar da take koyarwa. Direban yana bin amshin yana buga sitiyari, yana kiran sunan mahaifiyarta. Ta ce ya tsaya, ta sauka, ta ƙarasa da ƙafa. Da yamma Nuruddeen ya kira ta.

"Raudata, kin ji ta? Mutane suna ta tambayar wa ya rubuta."

"Kai na ba wa. Ban ba Gombe ba."

"Wallahi don in girmama ta na yi."

"Ka tambaye ni?"

Ya goge waƙar daga wayarsa, amma ta riga ta fita hannunsa. Ya turo saƙon ban haƙuri, ta karanta ba ta amsa ba. Ta daina zuwa ƙungiya. Littafin Agusta da na Satumba suna kan tagar ɗakinta, ba ta buɗe ko ɗaya ba. Uzairu ya ci gaba da zuwa, har aka fara maganar manya za su zauna bayan an gama girbin wake.

Akwai mutum ɗaya a gidan da ba a yi lissafi da ita ba, wato Kaka Yakura, mahaifiyar Malam Wakil. Idonta ya yi rauni, amma kunnenta garau. Ta ji waƙar a wayar maƙwabciya, ta sa aka maimaita mata, sannan ta kira Rauda.

"Wane ne wannan mai ɓata waƙar mutane?"

Rauda ta sunkuyar da kai.

"Waƙar renon nan ni na koya wa uwarki. Ba haka ake jan ta ba. Ki ce ya zo."

Ya zo ranar Lahadi da hantsi, ya durƙusa a bakin tabarma. Kaka ta yi masa faɗa da Hausarta mai gauraye da Kanuri, ta ce ba a ɗaukar mamacin mutane a kai shi kasuwa. Ya ce ya yi kuskure, ba shi da hujja. Ta saurare shi, sannan ta ce ya buɗe kunnensa. Ta rera waƙar yadda take, a hankali, tana tafa cinya.

"Kaka, kina da wasu?"

"Wa zai saurara? Yaran yanzu ba su tambaya."

"Ni zan saurara. In kin yarda in ɗauki muryarki a waya, ba za ta fita daga gidan nan ba sai da izininku."

Ta juya wajen Rauda. "Ke me kika ce? Ke aka yi wa laifi."

Rauda ta ce, "Ya ɗauka. Amma a wayata."

Lahadi bayan Lahadi ya riƙa zuwa. Kaka tana rera waƙoƙin daka da na aure da na shuka, Rauda tana rubutawa tana fassara masa. Ba su yi maganar soyayya ba sai a mako na huɗu, da ta raka shi zaure.

"Har yanzu kina fushi?"

"Saura kaɗan."

"Zan jira kaɗan ɗin."

Wata rana Malam Wakil ya dawo daga kasuwa da wuri, ya tarar da mahaifiyarsa tana waƙa. Tun da suka zo Gombe bai ji haka ba. Ya tsaya a zaure da jakar huluna a hannu har ta kai ƙarshe, sannan ya shiga ya kira Nuruddeen gefe.

"Kai ne ka sa sunan matata a bakin direbobi."

"Ni ne, Baba. Na tuba."

"Ban ji daɗi ba, kuma ba zan ce na ji ba." Ya ajiye jakar. "Na tambayi mutanen unguwarku. Sun ce kana sallah, ba ka da rigima, kuma aikin naka yana riƙe ka. Ni ban fahimci aikin ba har yanzu."

Washegari ya tambayi Rauda, sau ɗaya, wanda take so. Ta faɗa masa. Shi da kansa ya je ya ba mahaifin Uzairu haƙuri, abin da ya jawo sanyin zumunci tsakaninsu na ɗan lokaci. Uzairu ya turo mata saƙo guda: "Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ba na riƙe da ke." Ta amsa da godiya, kuma ta ji nauyin abin fiye da yadda ta zata.

A zaman ƙarshe na Disamba, Madam Hilda ta ce kowa ya faɗi abin da shekarar ta bar masa. Wasu suka lissafo littattafan da suka gama. Nuruddeen ya ce ya karanta fiye da abin da ya karanta tun barinsa sakandare, ya yi waƙa ɗaya mai kyau wadda bai kamata ya saki ba, ya kuma koyi wasu da ba nasa ba ne. Rauda ta ce wata biyu ta yi ba ta buɗe littafi ba, kuma abin da ya fi yawa a rubutunta na bana daga bakin kakarta ya fito. Madam Hilda ta ce ta yafe wata biyun, da sharaɗin a ba ta katin biki.

An ɗaura aure ranar Asabar ta ƙarshen shekara, a masallacin unguwarsu a Nasarawo. Da yamma, da za a kai amarya Jekadafari, Malam Wakil ya fito har bakin mota, abin da ba a saba gani ba. Ya dafa kan 'yarsa, ya dubi ango, ya yi doguwar magana da Kanuri, sannan ya juya ya shige gida da sauri.

Sai da suka zauna su biyu Nuruddeen ya tambaye ta.

"Me Baba ya ce?"

"Ya ce ya ba ka amana. Ya ce Allah ya ba mu zaman lafiya da zuriya mai albarka."

"Amin. Amma maganar ta fi haka tsawo."

Rauda ta gyara mayafinta, ta yi murmushi.

"Ya ce kuma hular da ka sa ba ta da kyau. Gobe ka je shago ya zaɓa maka wata."

Allah ya albarkaci auren, ya sa su ga jikokinsu.