Lauya da Tsamiyar Iya

A can wani zamani, a wani gari, an yi wata yarinya da ta tafi birni ta karanci shari'a, ta dawo lauya. Kafin ita, garin bai taɓa ganin mace lauya ba.

Wata rana wata tsohuwa da ake kira Iya ta zo mata da kuka, ta ce wani attajiri ya ture iyaka ya cinye rabin gonarta. Ashe attajirin nan kawun lauya ne.

Ranar shari'a lauya ta iske shi a bakin kotu. Ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Kawu, ina kwana?"

Kawu ya dubi abokansa ya ce, "Kun gani? Ko ido ba ta iya haɗawa da ni. Gona ta zama tawa!"

Iya ta ji, ta ɗauka ta rasa gonarta.

Da aka shiga gaban alƙali, sai lauya ta miƙe tsaye ta ce, "Kawu, tsamiyar nan da kake hana ni tsinka ina ƙarama sai na roƙi mai ita, ta wace ce?"

Kawu ya ce, "Ta Iya ce mana."

Lauya ta ce, "To, yau da aka ture iyaka, a gonar wa take?"

Kawu ya sosa ƙeya, ya ce, "A tawa." Alƙali ya mayar wa Iya gonarta.

Da aka fito, lauya ta sake durƙusawa har ƙasa ta ce, "Kawu, a sauka lafiya."

Kawu ya harare ta, sai dariya ta ƙwace masa. Ya ce, "Tashi, ja'ira! Gobe in an kai ni ƙara, ke zan ɗauka."